Me ke lalacewa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mai cutar Parkinson?

Tambaya daga wata ɗalibar aikin jinya a Garwa: "Mahaifina manomin auduga ne, shekarunsa 63. Shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana rawa idan yana zaune, tafiyarsa ta yi nauyi, muryarsa ta yi ƙasa. Likita ya ce cutar Parkinson ce, wai ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne suka gaji suna mutuwa. Mene ne yake gajiyar da su, kuma me yake lalacewa a cikinsu? Maganin feshin da ya daɗe yana amfani da shi yana da hannu? Akwai abin da zai sha ya farfaɗo da su?"

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Tun da kina karatun jinya, bari mu shiga cikin ƙwayar sosai, domin amsar tambayoyinki uku duk a can take.

Gajiyar da likita yake nufi wani hali ne da ƙwayar halitta ke shiga idan aikin da ke kanta ya fi ƙarfin da take samu, ko dattin da take tarawa ya fi wanda take iya kwashewa. Kowace ƙwaya a jiki tana shiga wannan hali lokaci-lokaci, kuma tana da hanyoyin fita daga cikinsa. Inda ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa ta bambanta da sauran shi ne ba ta rabuwa biyu. Ƙwayoyin bangon hanji ana sabunta su cikin kwana 3 zuwa 5, jajayen ƙwayoyin jini suna yin kamar kwana 120 a maye gurbinsu. Ƙwayar da ke rabuwa tana raba dattinta, kowace 'ya ta ɗauki rabi. Ita kuwa ƙwayar jijiyar da aka haifi Baba da ita, da ita yake aiki har yau, shekara 63 ba hutu. Kamar gidan ƙasa ne da ba halin a rushe shi a sake gini. Tsayuwarsa ta dogara ga yaɓen da ake yi masa kafin kowace damina, kuma idan aka fara sakaci da yaɓe ba a ranar zai faɗi ba, ruwa ne zai riƙa cin gindinsa a hankali.

Ga shi ƙwaƙwalwa tana da ci. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Mafi yawansa yana tafiya ne wajen fitar da sodiyam waje da shigo da fotashiyam ciki bayan kowane saƙo ya wuce, domin jijiya ta shirya wa saƙo na gaba. Ba ta da ajiya ta kirki, shi ya sa mintuna kaɗan ba jini sun isa su kashe ta.

A cutar Baba ba duk ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa daidai wa daida ba. Cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, waɗanda abin ya fi shafa 'yan dubu ɗari ne kawai, a wani ɗan yanki na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira subistanshiya nigira. Su ne ke samar da dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya taso cikin sauƙi. Idan aka yanka wannan wuri a ƙwaƙwalwar mai lafiya, ana ganin baƙin layi biyu da ido ƙiri-ƙiri, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A ta mai Parkinson layin ya koɗe ya yi fari-fari, domin ƙwayoyin da ke ɗauke da launin sun tafi. Kafin hannu ya fara rawa, kusan rabinsu sun riga sun mutu ko sun daina aiki. Ma'ana abin ya faro shekaru da yawa kafin shekara biyun da kika ƙirga. Ki tambayi Mama ko ya daɗe yana fama da taurin bayan gida, ko ya daina jin ƙanshin miya, ko yana ihu da naushi cikin barci. Waɗannan sukan riga rawar hannu da shekara goma ko fiye.

Dalilin da ya sa su ne ke fara faɗuwa yana cikin ƙirarsu. Ƙwaya guda daga cikinsu tana da reshen saƙo mai rassa barkatai, wanda aka ƙiyasta jimlar tsawonsa a mutum ta haura mita 4, da mahaɗai sama da miliyan ɗaya, kuma ba shi da rufin kitsen da ke sauƙaƙa wa sauran jijiyoyi aiki. Sannan ba sa jiran umarni. Suna bugawa da kansu sau da yawa a kowace daƙiƙa, dare da rana, kuma a kowane bugu kalsiyam yana shiga cikinsu. Kalsiyam ɗin da ke waje ya ninka na ciki fiye da sau 10,000, don haka duk wanda ya shiga sai an kashe ƙarfi an fitar da shi. Shi kansa dofamin idan ya zube daga 'yan jakunkunan da ake adana shi, yana haɗuwa da oksijin ya zama guba. Ga ƙarfe da ke taruwa a wannan yanki yayin da shekaru ke tafiya. Ƙwaya ce da ke aiki a iyakar ƙarfinta ko da lafiya lau, saboda haka ɗan ƙarin nauyi kaɗan ya isa.

Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne maitokondiriya, ƙananan jakunkuna masu bango biyu da ke samar da ATP, wato ƙarfin da ƙwaya ke kashewa. A bangon ciki akwai rukunin furotin biyar da ake ƙirgawa daga mataki na 1 zuwa na 5. Huɗun farko suna tafiyar da ilektaron da aka ciro daga abinci har ya kai ga oksijin ya zama ruwa. Na 1 da na 3 da na 4 suna tura furoton, wato haidirojin mai ɗauke da caji, zuwa tsakanin bangon biyu, na 5 kuma ya yi amfani da komowarsa ya ƙera ATP. Matsalar ita ce wani ɗan kaso na ilektaron yana zubewa a hanya, musamman a mataki na 1 da na 3, ya haɗu da oksijin kafin lokaci ya zama sufaroksayid. Daga shi ake samun haidirojin feroksayid, wanda idan ya tarar da ƙarfe yakan zama sinadari mafi ɓarna a cikinsu, mai cin kitsen bango da furotin da DNA. Ƙwaya tana da masu kashe wannan guba, irin su SOD da gulutatayon, amma suna da iyaka. Maitokondiriya kuma tana da nata DNA na daban, mai ƙwayoyin gado 37 da ake gada daga uwa, kuma yana zaune daf da inda gubar ke fita. Idan ya lalace sai matakan su fito da nakasa, su ƙara zubar da ilektaron, ɓarnar ta ƙara yawa. Tun 1989 aka gano cewa aikin mataki na 1 a subistanshiya nigira na masu Parkinson ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

An samu hujjar wannan ta hanya mai ban tausayi. A 1982 a jihar Kalifoniya ta Amurka aka kai wasu matasa asibiti jikinsu ya sandare, ba sa iya motsi ko magana, kwanaki kaɗan bayan sun yi allurar wata ƙwayar maye da aka haɗa ta ɓarauniyar hanya. Likitan jijiya William Langston da abokan aikinsa suka gano gurɓatacciya ce da sinadarin MPTP. Wannan sinadari yana shiga ƙwaƙwalwa, wani inzayim mai suna MAO-B ya mayar da shi MPP+, ƙwayoyin dofamin su ɗauke shi ta ƙofar da suke mayar da dofamin ciki, ya je ya toshe mataki na 1. Abin da yakan ɗauki shekara ashirin ya faru cikin mako guda, kuma lebodofa, babban maganin Parkinson, ta sassauta musu kamar yadda take yi wa tsofaffi.

A nan tambayarki ta maganin feshi take shiga. Ƙirar sinadarin farakwat, maganin ciyawa, ta yi kama da ta MPP+ ƙwarai, kuma a cikin ƙwaya yana karɓar ilektaron ya miƙa wa oksijin, ya sake karɓa ya sake miƙawa, yana ta haifar da sufaroksayid. Rotenon kuma, maganin ƙwari, yana toshe mataki na 1 kai tsaye, kuma a shekarar 2000 aka nuna ɓerayen da aka ba shi a hankali sun rasa ƙwayoyin dofamin. Wani bincike kan manoman Amurka da aka buga a 2011 ya samu cewa waɗanda suka yi aiki da ɗaya daga cikin biyun sun fi sauran kamuwa da Parkinson da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana farakwat a 2007, Faransa kuma tun 2012 ta amince da Parkinson a matsayin cutar sana'a ga manomin da ya yi shekara 10 yana hulɗa da magungunan feshi. Don haka a matakin jama'a alaƙar tana da ƙarfi. A kan mutum guda kuwa, yadda za a fahimce shi shi ne feshi nauyi ne da aka ɗora kan shekaru da gado. Maƙwabta biyu za su yi feshi iri ɗaya ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Kada Baba ya ɗauki laifi ya ɗora wa kansa, noma ya yi don ya ciyar da ku.

Ƙwaya ba ta barin lalatacciyar maitokondiriya haka nan. Akwai furotin mai suna PINK1 da kullum ake jan shi cikin lafiyayyar maitokondiriya a sare shi. Idan ta lalace ƙarfin wutar bangonta ya faɗi, ba ta iya jan shi, sai ya taru a bayanta. Taruwarsa ce ke kiran wani furotin, Parkin, ya zo ya liƙa mata alamar yubikwitin, sai a naɗe ta cikin jaka a kai ta inda za a narkar da ita. Masu bincike a Japan sun gano a 1998 cewa lalacewar Parkin na jawo Parkinson tun a ƙuruciya, a 2004 kuma aka gano haka game da PINK1. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk fagen, domin ta nuna cewa ko ba guba ko kaɗan, gazawar kwashe lalatattun kaya kaɗai ta isa ta kashe waɗannan ƙwayoyi. Ki kuma tuna da tsawon reshen. Sabuwar maitokondiriya sai an ɗauke ta a kan wasu siraran bututu, furotin kainesin ya kai ta ƙarshen reshe, dainin ya dawo da tsohuwa, kuma su ma masu dakon da ATP suke aiki. Ƙarfi na raguwa, jigila ta ragu, ƙarshen reshe ya fara yunwa. Shi ya sa mutuwar ke farawa daga bakin rassa ta dawo baya, jikin ƙwayar ya rage da rai shekaru bayan mahaɗanta sun bushe.

Sashe na biyu shi ne retikulum, wata raga ta bututu da ta bazu cikin ƙwaya, inda ake naɗe kusan kashi ɗaya bisa uku na furotin, ake kuma ajiye kalsiyam. Furotin zare ne na amino asid, kuma ba ya aiki sai ya naɗu a siffarsa daidai. Wanda bai naɗu daidai ba yana da danƙo, yana manne wa 'yan'uwansa. A bangon retikulum akwai masu sa ido uku, IRE1 da PERK da ATF6, waɗanda wani furotin mai suna BiP ke riƙe da su. Idan gurɓatattun furotin suka yi yawa, BiP yakan sake su ya tafi taimako, su kuwa su tashi aiki. PERK ya rage ƙera sabon furotin, sauran biyun su ƙara masu taya naɗi da masu fitar da abin da ya lalace. Na awoyi kaɗan wannan ceto ne. Idan ya zarce kwanaki da watanni sai ya zama masifa ta fuska biyu. Mahaɗan jijiya ba sa rayuwa ba sabon furotin, sannan hanyar PERK ɗin tana kunna wani furotin mai suna CHOP, wanda ke karkata ƙwaya zuwa kashe kanta. Ƙungiyar Giovanna Mallucci a Ingila ta nuna a 2013 cewa toshe PERK ya hana mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ɓerayen da ke da cutar firiyon, wadda karkataccen furotin ke haddasawa, amma maganin ya lalata musu fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, domin ita ba ta iya rayuwa ba PERK. Wannan shi ne cikas ɗin da ake ta karo da shi: hanyar da ke cutar da ƙwaƙwalwa idan ta daɗe a kunne, ita ce ke raya wata gaɓar.

Retikulum da maitokondiriya suna taɓa juna a wasu wurare, tazararsu ba ta wuce nanomita 10 zuwa 30 ba, kuma ta nan kalsiyam ke wucewa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙara samar da ATP. Idan ya yi yawa sai wata ƙofa ta buɗe a bangon maitokondiriya, ta kumbura, saitokurom c ya fito, ya kunna inzayim na kasfes da ke sassare ƙwayar daga ciki.

Na uku shi ne laisozom, wanda Christian de Duve ya gano a 1955. Jaka ce mai tsami, ma'aunin pH nata 4.5 zuwa 5 alhali na sauran ƙwayar kusan 7.2 ne, kuma tana ɗauke da inzayim masu narkarwa kusan 60. Duk abin da aka naɗe don zubarwa a nan yake ƙarewa, ta tsarin otofaji, wanda Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel ta 2016 saboda gano yadda yake gudana. Tsamin nan famfo ne ke riƙe da shi, famfon kuma ATP yake sha. Kin ga yadda igiyar ta zarge: maitokondiriya ta raunana, laisozom ya rasa tsami, ya kasa narkar da lalatacciyar maitokondiriya, ita kuma ta zauna tana zubar da guba.

Abin da ya fi taruwa idan laisozom ya gaza shi ne alfa-sinukilin, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 140 da ke aiki a mahaɗan jijiya. Idan ya karkace yana tilasta wa lafiyayyen da ya taɓa shi ma ya karkace, su jeru su zama zare, su dunƙule. Dunƙulen nan ne Friedrich Lewy ya gani a 1912, kuma sai a 1997 aka gano da me aka yi su. Ƙananan dunƙulen da ba su gama haɗuwa ba su ne suka fi ɓarna, suna huda bango, suna toshe shigar furotin cikin maitokondiriya, suna tare hanya tsakanin retikulum da golji, inda ake shirya furotin a aika shi. Akwai kuma shaida mai yawa cewa suna fita daga wata ƙwaya su shiga maƙwabciyarta, abin da ya dace da yadda alamun ke faɗaɗa da shekaru. Ƙwayoyin tsaro na ƙwaƙwalwa, maikurogiliya, idan suka ci karo da wannan datti ko da DNA na maitokondiriya da ya zubo, sukan ɗauka ƙwayar cuta ce ta shigo, su tayar da kumburi wanda ke ƙara wa maƙwabta nauyi.

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye. A 2023 aka buga wani babban bincike kan 'yan Nijeriya da baƙaƙen fata na Amurka, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas tana cikin jagororinsa. An gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1, mai samar da inzayim na laisozom da ke narkar da wani nau'in kitse. Mai kwafi ɗaya haɗarinsa ya ƙaru da kusan ninki ɗaya da rabi, mai biyu kusan uku da rabi, kuma da wuya a ga sauyin a Turawa. Akasin haka, sauyin LRRK2 da ake samu a kusan kashi ɗaya bisa uku na masu Parkinson cikin Larabawa da Barbar na arewacin Afirka, ba kasafai ake ganinsa a Nijeriya ba. Duk da haka kada ki tsorata da kanki. Waɗanda cutarsu ta fito daga ƙwayar gado guda ɗaya tak 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu tun kafin shekara 50 take kama su. Mafi yawan 'ya'yan masu Parkinson ba sa kamuwa.

Sauran cututtukan wannan dangi a kan wannan turba suke, furotin da yankin ne ke bambanta. A Alzheimer amiloyid ne ke taruwa a waje, tau kuma a ciki. Tau shi ne ke riƙe bututun jigilar nan, idan ya saki sai jigila ta rushe. Kumburin jakunkunan da ke kai kaya laisozom yana cikin sauye-sauyen farko da ake gani, kuma abin yana farawa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa. A cutar ALS, mai shanye tsoka, furotin TDP-43 yana barin cibiyar ƙwaya ya dunƙule a waje a kusan kashi 97 cikin 100 na marasa lafiya. A Huntington kuma maimaituwar haruffa uku na DNA sau 40 ko fiye ce ke haifar da furotin mai danƙo. Akwai ma wata da ba ta tsufa ba ce, konzo, shanyewar ƙafafu farat ɗaya da aka gani a Kwango da Afirka ta Tsakiya da gabashin Kamaru, a wuraren da yunwa ta sa ake cin rogo mai ɗaci ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba. Sayanayid ɗin da ke cikinsa guba ce mai toshe mataki na 4. Jiƙa ɓararren rogo kwana uku zuwa huɗu kafin a shanya yana fitar da mafi yawanta.

Saura batun abin sha. Ƙwayar da ta mutu ta mutu, kuma zuwa yau ba maganin da aka tabbatar yana tsayar da Parkinson. An gwada duk abin da hankali zai kawo daga bayanin da ke sama. Bitamin E mai yawa bai yi ba a 1993. Ko'inzayim Q10 har miligiram 2,400 a rana bai yi ba a 2014, kiriyatin bai yi ba a 2015. Isradifin, mai rage shigar kalsiyam, bai yi ba. Defarifuron, mai cire ƙarfe, ya ma ƙara tsananta alamun a gwajin 2022, ana zaton domin inzayim ɗin da ke ƙera dofamin da ƙarfe yake aiki. A fahimtata dalilin faɗuwarsu biyu ne: ana zuwa a makare, sannan ana gyara gaɓa ɗaya a cikin abin da ya zarge gaɓoɓi huɗu ko biyar. Don haka duk wanda ya kawo muku kwalba mai tsada a kasuwa ko ta WhatsApp yana cewa tana wanke ƙwaƙwalwa ko tana raya jijiya, ku riƙe sefarku. Kuɗin ya fi amfani a lebodofa.

Lebodofa ba ta raya matacciya, amma tana ba waɗanda suka rage kayan da za su ƙera dofamin, kuma bambancin da take kawowa babba ne. Ana haɗa ta da karbidofa ko bensarazid don kada ta narke kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Tana raguwa da rabi a jini cikin kamar minti 90, shi ya sa ake raba ta sau uku ko fiye a rana, a kan lokaci. Ita ma amino asid ce, tana gasa da furotin na abinci wajen shiga jini da shiga ƙwaƙwalwa, saboda haka a sha ta rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, musamman idan akwai nama, kifi, wake ko nono. Ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe tana kama ta a hanji, a raba su da awa biyu. Kada a yanke ta farat ɗaya, hakan na iya jawo sandarewa da zazzaɓi mai haɗari, don haka a sayi ta gaba tun ta hannu ba ta ƙare ba. Tsoron da wasu ke yi cewa fara ta da wuri yana ƙarar da amfaninta bai da tushe. Binciken da aka yi a Gana aka buga a 2014 ya nuna matsalolin motsi na baya suna bin daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a rana, ba daɗewar shan maganin ba. Batun azumi kuma a zauna da likita tun kafin watan ya kama.

Ki duba duk magungunan da ke ɗakinsa. Metokulofiramid na amai, halofaridol da kulofuromazin suna toshe dofamin, suna iya haifar da alamun Parkinson ko su tsananta su. Tirihekzifenidil yana da araha kuma yana rage rawa, amma yana rikita tsofaffi, yana hana fitsari da bayan gida. Ki auna jininsa a kwance, sannan bayan minti uku a tsaye. Idan na sama ya faɗi da 20 ko fiye, ki gaya wa likita, domin cutar da maganin duka suna saukar da jini, kuma a zafin Maris da Afrilu na Garwa, da ke haura digiri 40, faɗuwa ba wuya. Ruwa isasshe da miyar kuka, kuɓewa ko zogale suna taimaka wa hanji, hanjin da ya tsaya kuwa yana hana maganin shiga.

Abin da ya fi kusa da taimaka wa ƙwayoyin da suka rage shi ne motsa jiki. Yana sa tsoka ta ƙera sababbin maitokondiriya, a dabbobi kuma an ga yana ƙara otofaji. A wani gwaji da aka buga a 2018, sababbin masu Parkinson da suka yi tafiya mai ƙarfi kwana uku zuwa huɗu a mako tsawon wata shida, alamun motsinsu kusan ba su ƙaru ba, na waɗanda ba su yi ba kuwa sun ƙaru. Baba ya yi tafiyar minti 30 da sanyin safiya bayan maganin ya kama, da dogon taku da lilo da hannu, da sauri har numfashi ya ɗan tashi. Kada a ce ya kwanta ya huta, kuma kada a karɓe masa duk aikin hannu. A riƙa auna hawan jini da sukari, domin lalacewar ƙananan jijiyoyin jini tana rage oksijin ga ƙwayoyin da dama suna cikin ƙunci.

Shi dai ya bar feshi daga yanzu. Ƙannenki da za su ɗauki famfon a gonar auduga ko ta masakwa, su karanta sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa a jikin galan, domin sunan kasuwa yana sauyawa. Lokacin haɗa maganin ya fi lokacin feshin haɗari, a nan ne yake da kauri, don haka a sa safar hannu ta roba mai kauri, a motsa da sanda. Famfon da ke yoyo a baya a gyara shi kafin a goya, kan feshi idan ya toshe kada a busa shi da baki. A yi feshi da sassafe iska na bayan mutum, da takalmi da riga mai dogon hannu, ba cin goro ko shan taba har sai an wanke hannu da sabulu. Kayan feshi a wanke su daban da na yara, galan ɗin da ya ƙare kuma a ɗauraye shi sau uku a zuba ruwan cikin famfo, a huda gindinsa don kada wani ya ɗebi ruwan sha ko man gyaɗa da shi.